Yadda Ake Ƙayyade Adadin Gashi a Jinyar Limfoma, Mataki-mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga marasa lafiya da masu jinyarsu game da gashi, wato jinyar ciwon daji da hasken radiyeshan daga na'ura: "An rubuta wa ɗan'uwana zama goma, amma wanda suke layi tare zama talatin aka ba shi. Ko an rage mana ne?" Wasu kuma takardar asibiti ce a hannunsu, an rubuta 30 Gy/15# a kanta, ba wanda ya tsaya ya yi musu bayani.

Ba a rage muku ba. Limfoma, ciwon dajin da ke tasowa daga ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin kaluluwa, saifa da ɓargo, tana cikin cututtukan daji da suka fi saurin jin gashi. Dajin maƙogwaro ko na huhu kan buƙaci Gy 60 zuwa 70 (Gy shi ne ma'aunin gashi), amma yawancin limfoma tsakanin Gy 20 da 40 ake gamawa da ita. Abin da ya haura buƙata ba ya ƙara waraka, zuciya da huhu da nono ne ke ɗanɗana kuɗarsa bayan shekara 10 ko 20. Likitan gashi ne ke yanke adadin, ba mu da ku ba. Amma wanda ya san yadda lambar ke fitowa zai san abin da zai tambaya, zai kuma gane idan an tsallake wani mataki.

1. Ku fara iya karanta lambar

Ma'aunin gashi sunansa gire, ana rubuta shi Gy. Yana nuna yawan ƙarfin hasken da naman jiki ya sha. A takarda za ku ga lambobi biyu: jimilla, da yawan zaman da aka raba ta. 30 Gy/15# na nufin Gy 30 a zama 15, wato Gy 2 kullum. Galibi ana ba da Gy 1.8 zuwa 2 a kowane zama, sau ɗaya a rana, kwana biyar a mako. Zama 15 mako uku ke nan. Dalilin rabawar shi ne lafiyayyun ƙwayoyin jiki su samu sararin gyara kansu tsakanin zama da zama, abin da ƙwayoyin limfoma ba su iya yi sosai.

Gargaɗi: wasu cibiyoyi da cGy suke rubutu. Gy 1 daidai yake da cGy 100, saboda haka 3000 cGy shi ne Gy 30. Kada hankalinku ya tashi don kun ga dubu uku. Kuma kada ku kwatanta jimilla da jimilla ba tare da duba yawan zama ba, domin Gy 20 a zama 5 ta fi Gy 20 a zama 10 ƙarfi a jiki.

2. A tabbatar da nau'in limfomar

Limfoma ba cuta ɗaya ba ce. Nau'o'inta suna da yawa, kuma adadin gashinsu ya faro daga Gy 4 har ya kai 55. Ba a iya zaɓar adadi sai an san sunan nau'in, sunan kuwa ba ya fitowa sai an ciro kaluluwar ko wani yanki nata an duba a ɗakin gwaji, an kuma yi mata gwajin rini na musamman da ke nuna alamomi irin su CD20, CD30, CD15 da CD3. Idan rahoton ya tsaya a kan "limfoma ce" kawai, ku nemi a ƙarasa aikin.

Gargaɗi biyu a nan. Zuƙo ruwan kaluluwa da siririyar allura ba ya wadatarwa a mafi yawan lokuta. Ana son a ciro ta ɗungum, ko a ɗebo tsoka da allura mai kauri. Na biyu, kada a fara shan maganin rage kumburi mai suna firedinisolon ko dangoginsa kafin a ɗauki tsokar, sai in likita ya ga rai na cikin haɗari. Yana narkar da kumburin na ɗan lokaci, ya ɓata sakamakon gwaji, a rasa sunan cutar.

3. Hoton farko, kafin digo ɗaya na kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, ya shiga jiki

Wannan ne matakin da aka fi yi wa sakaci, kuma ina ganin ya fi kowanne tasiri a kan faɗin wurin da za a gasa. Tsarin da ake bi yanzu, wanda ƙungiyar likitocin gashin limfoma ta duniya, ILROG, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2014, shi ne a gasa wurin da cutar ta taɓa tun farko kaɗai, a bar sauran kaluluwar da ba ta kamu ba. To bayan kemo kumburin ya narke, ina likita zai ga inda cutar ta zauna? Sai a hoton da aka ɗauka kafin a fara.

Hoton PET-CT, wanda ke sa wurin da cutar ke aiki ya yi haske, shi ne ya fi. Inda babu shi, CT na wuya, ƙirji, ciki da ƙugu tare da allurar da ke fito da jijiyoyi yana aiki, sai dai likita zai ɗan faɗaɗa wurin don kada ya bar wani abu a baya. Da wannan hoton ake sa matakin cutar: na 1, wuri ɗaya, na 2, wurare biyu ko fiye a ɓangare ɗaya na tantanin da ya raba ƙirji da ciki, na 3, sama da ƙasan tantanin, na 4, ta bazu zuwa gaɓoɓi kamar ɓargo ko hanta. Ana kuma tambayar zazzaɓin da ya wuce digiri 38, zufar dare mai jiƙa tufafi, da ramar da ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki a wata shida.

Gargaɗi: rahoton da aka buga a takarda bai isa ba. Ku karɓi hotunan kansu a faifai ko filasha, ku yi kwafi biyu. Likitan gashi zai ɗora su ne a kan hoton tsara aiki a kwamfuta. Idan tun farko an san za a yi gashi, ku roƙi a nuna masa mara lafiyar kafin kemo.

4. A duba yadda kemo ta yi aiki

Bayan kemo ana sake PET-CT, a ba shi maki daga 1 zuwa 5 a ma'aunin Deauville. Maki 1 zuwa 3 yawanci na nufin cutar ta kwanta. Maki 4 ko 5 na nufin akwai wurin da ya fi hanta haske, wato da sauran aiki. Wannan makin ne ke raba Gy 30 da Gy 40. A bar aƙalla mako uku bayan kemo ta ƙarshe kafin hoton, don kumburin da maganin ya jawo kan yi haske kamar cuta. Mai ciwon suga ya sanar tun wuri.

5. Zaɓen adadin

Lambobin da ke ƙasa su ne abin da aka saba a manya. Ku riƙe su don tambaya, ba don jayayya ba.

*Limfoma nau'in Hojkin a matakin farko.* Idan cutar tana mataki na 1 ko 2 kuma babu alamun tsanani (babu babban ƙullu a tsakiyar ƙirji, wuraren ba su wuce biyu ba, gwajin jini na ESR bai yi sama ba), ana ba da zagaye biyu na haɗin kemo mai suna ABVD, sai Gy 20 a zama 10. Wannan ya fito ne daga binciken HD10 na ƙungiyar masu nazarin Hojkin ta Jamus, wanda aka wallafa a 2010: an kwatanta Gy 20 da Gy 30, ba a ga bambanci a waraka ba, illa dai ta fi yawa a 30. Idan akwai alamun tsanani, zagaye huɗu ne da Gy 30 a zama 15. Wurin da ya rage yana haske bayan kemo kan samu Gy 36 zuwa 40 ko ɗan fiye.

Tambayar da ake yawan yi ita ce, tunda hoton ya yi fes, ba za a haƙura da gashin ba? A binciken HD16, cikin waɗanda hotonsu ya yi kyau bayan zagaye biyu, kashi 93 cikin 100 na waɗanda aka gasa sun kai shekara biyar cutar ba ta dawo ba, waɗanda ba a gasa ba kuwa kashi 86. Tazarar ba ƙarama ba ce. Duk da haka, ga yarinya 'yar shekara 18 da gashin zai ratsa nonuwanta biyu da zuciya, likita na iya zaɓar ƙarin kemo a bar gashin. Ga mutum ɗan shekara 45 mai ƙullu a saman wuya, Gy 20 abu ne mai sauƙi kuma zai fi masa. Shawara ce da ake yankewa da mutum, ba a madadinsa ba.

Hojkin da ta kai mataki na 3 ko 4 kemo ce jigon maganinta, gashi sai ga wurin da ya rage. Nau'in Hojkin da ake rubutawa NLPHL kuwa, in yana wuri ɗaya, gashi kaɗai na Gy 30 zuwa 36 kan wadatar. Yara ana ba su ƙasa da manya, wajen Gy 20, saboda ƙashi da tsokar da ke girma.

*Limfoma mai tafiyar hawainiya*, irin su folikula da MALT. Idan tana wuri ɗaya, Gy 24 a zama 12 ne ma'auni, kuma ana iya warkewa da shi ba tare da kemo ba. Wani bincike a Birtaniya da aka wallafa a 2011 ya nuna Gy 24 ta yi daidai da tsohon adadi na 40 zuwa 45. Akwai kuma ɗan ƙaramin adadi, Gy 4 a zama 2 kacal, mai narkar da kumburi a yawancin mutane kusan ba tare da illa ba. Binciken FoRT ya gwada su biyun: bayan shekara biyar, wajen kashi 90 cikin 100 na wuraren da suka samu Gy 24 ba su sake tsirowa ba, na Gy 4 kuwa wajen kashi 70. Saboda haka Gy 4 ta dace da rage raɗaɗi, da tsofaffi masu rauni, da wuri mai laushi kamar kewayen ido inda za a iya sa ido a ƙara in an buƙata. Inda ake neman waraka, 24 ce ta fi.

MALT ta tumbi tana da nata tsarin. Ana fara kashe ƙwayar cutar tumbi mai suna H. pylori da magani, a jira watanni. Sai in ba ta tafi ba, ko babu ƙwayar tun asali, a yi Gy 24 zuwa 30, sau da yawa Gy 1.5 a zama don tumbin ya jure.

*Limfoma mai gaggawa*, musamman DLBCL. Bayan haɗin kemo mai suna R-CHOP, idan hoto ya nuna ta kwanta kuma ana son ƙarfafa wurin (misali inda ƙullun ya kai santimita 7.5 ko fiye), Gy 30 zuwa 36 ne. In saura ya rage, 36 zuwa 50. Wadda ta ƙi jin kemo gaba ɗaya kan kai 40 zuwa 55.

*Waɗanda suka fita daban.* Limfomar NK/T ta cikin hanci tana da taurin kai, tana son wajen Gy 50, kuma da wuri ake yi, ba a ajiye shi ƙarshe. A limfomar fata ana gasa tabo ɗaya da Gy 8 zuwa 12, ko a haska fatar jiki duka da ilektiron, yanzu sau da yawa Gy 12. Burkit kuwa kemo ce maganinta, gashi ba ya cikin tsarinta na yau da kullum.

Gargaɗi: idan an rubuta Gy 40 ko fiye ga folikula, ko ga Hojkin da ta kwanta bayan kemo, ku tambayi dalili cikin ladabi. Wataƙila akwai shi. Wataƙila kuma tsohon tsari ne.

6. Ranar awo

Kafin zama na farko ana ɗaukar CT na tsara aiki, mara lafiya a kwance daidai yadda zai riƙa kwanciya kullum. In wuya ne ko kai, ana jiƙa wata roba mai raga a ruwan ɗumi, a ɗora a fuska ta bushe da siffarsa. In ƙirji ne ko ciki, ana sa ɗigo-ɗigon alama a fata. Galibi ana fara gashi mako uku zuwa huɗu bayan kemo, saboda haka ku nemi ranar awo tun kemo ba ta ƙare ba.

Ga mai ƙullu a tsakiyar ƙirji, ku tambaya ko ana yin gashi da riƙe numfashi. Mutum zai ja iska ya cika ƙirji, ya riƙe na daƙiƙa 15 zuwa 20, na'urar ta yi aiki a wannan lokacin kaɗai. Huhu na buɗewa, zuciya ta sauka ta nisanci wurin. Ku yi ta gwadawa a gida kafin ranar. Mai gashin tumbi kuwa da cikin da babu komai zai zo, ranar awo da kowace rana bayanta.

Gargaɗi: mace ta faɗa in akwai yiwuwar juna biyu, a gwada. Maganar haihuwa, ajiye maniyyi ko kare ƙwan mace, tun kafin kemo ake yinta, kuma ta zama dole in gashin zai kusanci ƙugu ko matsematsi. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya sanar. Idan kwanciyar ta takura ku ranar awo, ku faɗa nan take, don haka za ku kwanta har a gama.

7. Zane da lissafi

Kwanakin da ke tsakanin awo da zama na farko ba ɓata lokaci ba ne. Likita na zana wurin da cutar ta taɓa a kowane yankin hoto, ya ƙara 'yan milimitoci saboda numfashi da motsi. Sannan ya zana abin da ake karewa: zuciya, huhu, nono, tayirod da ke gaban wuya, gurbin yawu, ƙoda, laka. Masanin fiziks na asibiti ya tsara ta inda hasken zai shiga, ya gwada tsarin a kan na'urar kafin a ɗora mutum.

A nan akwai lamba ta biyu da ta kai ta farko muhimmanci: nawa lafiyayyun gaɓoɓi za su sha? Ana son matsakaicin abin da zuciya ta samu ya tsaya ƙasa da Gy 5 in zai yiwu, na huhu ƙasa da wajen Gy 10 zuwa 13, na nonon matashiya ƙasa da Gy 4. Wani bincike a Holan kan waɗanda suka warke daga Hojkin, wanda aka wallafa a 2016, ya gano haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya na ƙaruwa da kashi 7.4 cikin 100 a kan kowane Gy ɗaya da zuciya ta sha. Ku tuna kuma doksorubisin, maganin da ke cikin ABVD da R-CHOP, ta riga ta taɓa zuciya, biliyomaisin da ke cikin ABVD ta taɓa huhu. Tambayoyi uku sun isa: nawa zuciya za ta samu, nawa huhu, kuma an gwada wani tsarin an kwatanta?

Kada sunan na'ura ya ruɗe ku. Gy ɗaya daga na'urar kobal da Gy ɗaya daga na'urar linak duk Gy ɗaya ne. Bambancin yana wajen iya lanƙwasa hasken ya kauce wa gaɓoɓi. Tsarin IMRT da VMAT, dabarun lanƙwasa hasken da kwamfuta, na rage adadi mai yawa a kan zuciya, amma suna yayyafa ɗan kaɗan a faɗin huhu da nono. Ba kullum ne mafi tsada ya fi dacewa ba.

8. Lissafin kuɗi kafin a fara

Ku nemi a rubuta muku kuɗin kashi-kashi: ganin likita, CT na awo, robar fuska, tsara aiki, kuɗin kowane zama, hotunan tabbatar da kwanciya, da magungunan illa. Ku tambaya ko kuɗin dunƙule ne ko na zama-zama, da abin da zai faru in na'ura ta tsaya. Abin da mutane ke mantawa shi ne sufuri da masauki na mako biyu zuwa biyar, da aikin da mai jinya zai bari.

In aljihu ba zai iya ɗaukar duka ba, ga ra'ayina: a sa kuɗin a gwajin tsoka cikakke da hoton farko. Ƙullun hammata ko matsematsi tsari mai sauƙi ya ishe shi. Tsakiyar ƙirjin matashi ne wurin da ya cancanci a nemi na'ura mafi ƙwarewa. Kuma kada a fara sai an tabbatar za a iya kaiwa ƙarshe, don rabin adadi illa ce ba tare da cikakken amfani ba.

9. Zaman kullum

Kowane zama minti 10 zuwa 20 ne, yawancinsa gyaran kwanciya; hasken kansa 'yan mintuna ne, ba a ganinsa, ba a jin zafi. Mutum ba ya fita da haske a jikinsa, zai iya ɗaukar jariri ya kwana da iyalinsa.

Illar tana bin wurin da aka gasa. Wuya da ƙirji: zafin haɗiya daga mako na biyu ko na uku, bushewar baki, gemu ko sumar ƙeya su zube. Ciki: tashin zuciya, wanda ake shan magani kafin zama don tare shi. Gajiya kuwa kowa na yi. A wanke fatar wurin da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada a goge alamomin, kada a shafa ko a sha wani abu da likita bai sani ba. Illar kan ƙaru har mako ɗaya ko biyu bayan zama na ƙarshe kafin ta fara sauka.

Gargaɗi: kada ku daina zuwa don kumburin ya ɓace. Limfoma kan narke tun a makon farko, alhali adadin an lissafa shi ne don ƙwayoyin da ido ba ya gani. In an rasa zama, ba a ninka na gobe da ka. Likita ne zai ƙara shi a ƙarshe ko ya sake lissafi. In rama ta sa robar fuska ta yi sako-sako, ku faɗa, wataƙila a sake awo. Zazzaɓi na digiri 38, ƙarancin numfashi ko kasa haɗiye ruwa, a je asibiti a ranar.

10. Bayan an gama

Ba a gaggawar PET-CT, ana jiran wajen wata uku don kumburin gashin ya lafa. Tsakanin wata ɗaya zuwa shida, busasshen tari da haki na iya zama kumburin huhu daga gashi, yana da magani, a kai shi ga likitan da ya yi aikin. Wasu kan ji kamar lantarki na bin baya in sun sunkuyar da kai. Yawanci yana wucewa da kansa, amma a sanar. Ƙuraje masu zafi da suka jeru a gefe ɗaya na jiki suna son magani cikin kwana uku na farko.

Wanda aka gasa wa wuya ya riƙa gwajin jini na TSH, mai duba aikin tayirod, duk shekara. Macen da aka gasa wa ƙirji kafin ta kai shekara 30 ta fara binciken nono duk shekara, da hoton mamogiram da na MRI, bayan shekara takwas da gashin ko in ta cika 25, duk wanda ya zo daga baya. A kula da hawan jini, suga da kitsen jini. Sigari kuwa a bar ta har abada, domin haɗuwarta da gashin ƙirji na ninka haɗarin dajin huhu.

Kafin ku bar cibiyar, ku karɓi takardar taƙaitawa mai ɗauke da wurin da aka gasa, jimillar Gy, yawan zama, ranar farawa da gamawa, da abin da zuciya, huhu da laka suka sha. In akwai hali a ba ku tsarin kansa a faifai. Laka da ƙoda suna da iyakar abin da za su iya ɗauka tsawon rayuwa, kuma idan wata rana aka buƙaci sake gashi kusa da wurin, ko likitan zuciya ya tambaya bayan shekara 15, da waɗannan lambobin za a yi lissafi.